Malam Ubaidu Ya Tafi Bai Sa Hannu Ba

Daga Allah muka fito, wurinsa muke komawa, kowa da ranarsa. Ranar Farfesa Ubaidullahi Maccido ita ce Talata, 6 ga watan Mayu, 2025, cikin watan Zulƙida. Ya cika da hantsi a gidansu na gado da ke Ƙofar Marke, a nan Sakkwato, bayan jinyar kwana goma sha ɗaya, yana da shekara sittin da shida. An sallace shi bayan La'asar, kuma duk da zafin da aka yi ran nan, sahu ya cika layin har ya karya kwana.

Malam, ka bar ni in yi maka magana kai tsaye kamar yadda na saba, tunda yanzu babu kwamitin da zai iya kiranka a kan abin da aka faɗa a gabanka.

Ranar sadakar uku jami'armu ta aiko tawaga, mota uku. Sun karanta takardar ta'aziyya a zaure, suka bar ta. Da suka tafi aka shigo da ita cikin gida, mai ɗakinka Hajiya Zulaihatu ta miƙo mini ta ce in karanta mata. An kira ka ginshiƙi, an kira ka fitila, an ce ka bar giɓin da zai yi wuyar cikewa. Na duba sa hannun da ke ƙasa na gane shi. Shi ne dai wanda ke ƙasan takardar da aka dakatar da kai daga shiga aji wata bakwai da suka wuce. Giɓin da suke kuka a kansa su suka haƙa shi tun watan Oktoba, mutuwa ta zo ne ta tarar da shi.

Ka rasu kana dakatacce. Wannan ba ya cikin takardarsu, shi ya sa na ɗauki alƙalami. Akwai kuma dalili na biyu. Darasin nan naka na tsarin mulki da gudanar da gwamnati, wanda ka koyar shekara talatin da ɗaya, an rufe shi tun da aka fitar da kai. Yanzu an buɗe, an ce ni zan gaje shi ranar Litinin, bisa sharaɗin da aka rubuto mini in sa wa hannu. Ba zan iya faɗin abin da na yi da takardar ba sai na fara faɗin abin da kai ka yi da taka.

Na fara saninka ina aji biyu. Ka ba mu rubutu a kan ƙananan hukumomi, ni kuma na ɗauka na gano dabara: na tattara duk abin da na ji daga bakinka, na jera shi tsaf, na kawo maka. Na zaci za ka yi murna. Ka ba ni maki mafi ƙanƙanta da na taɓa samu, ka kira ni ofis, ka ce, "Ɗiyata, wanga duka ra'ayina na. Ni na san ra'ayina, ba sai kin maido min shi ba. Ina naki?" Na fita ina fushi. Sai da na fara koyarwa na gane irin daɗin da malami ke ji idan ɗalibi ya maimaita masa maganarsa, da irin ƙarfin halin da ake bukata kafin a ƙi wannan daɗin.

Shekara huɗu muna tsegumi a kan jam'iyyar da kake so. 'Yan wannan ɓangare sun rantse kai na wancan ne, 'yan wancan sun rantse kai na wannan ne. Har yau ban sani ba. Hajiya ma na tambaye ta shekaranjiya, ta ce in na gano in gaya mata.

Ina digiri na biyu na haihu, na zo in shaida maka zan ajiye karatu shekara guda. Ba ka yi mini wa'azi ba. Ka mayar da duba aikina gidanka, ranar Asabar da safe. Hajiya tana goye da jaririyar tana dama fura, kai kana bakin ƙofar ɗaki a kan buzu da jan biro kana yi wa babina kaca-kaca. Yarinyar yanzu tana sakandare, kuma har yau Hajiya take kira Inna.

Madam Tabita Ayuba, sakatariyar sashenmu, tana da nata labarin. Wata shekara da gari ya rikice, ka tuƙa tsohuwar motarka zuwa unguwarsu, ka kwaso ta da 'ya'yanta uku, suka yi kwana biyar a Ƙofar Marke. Da Lahadi ta zo kai ka kai su coci, ka zauna a mota a waje kana duba takardun jarrabawa har suka fito. Ba ka taɓa ba da labarin nan ba. Ita kuwa ba ta taɓa daina ba da shi ba.

Sai takardar umarni ta fito a farkon zangon karatu na bara. Zan yi wa waɗanda suka rubuta ta adalci, don kai ma ka yi musu adalci. Akwai ɓarna ta gaske. Mun ga malamin da ke shiga aji da hular jam'iyya. Mun ga wanda ke cinye rabin lakca yana zagin ɗan takarar da ba nasa ba, kuma ɗalibai sun san wace amsa ke kawo maki a hannunsa. Kai kanka ka kai ƙarar irin wannan sau biyu. Rabin farko na takardar ya hana malami tallar jam'iyya ko ɗan takara a aji, da hukunta ɗalibi saboda ra'ayinsa. Rabi na biyu ya hana ambaton duk wani mai riƙe da muƙami, da yin sharhi kowane iri a kan ayyukan gwamnati. Kowane malami ya sa hannu. Za a kuma riƙa tura wanda zai zauna a bayan aji da fom yana saurare.

A taron sashe ka ce rabin farko ko yanzu a ba ka biro. Na biyu kuwa ka ce, "An ce in koyar da aikin gwamnati ban taɓa gwamnati ba. Wanga sai a hwaɗa wa mahauci shi hiɗe akuya kada shi taɓa hwata." Aka yi dariya, sannan kowa ya sa hannu. Mu goma sha tara ne a ɗakin, sa hannu goma sha takwas aka tattara. Nawa yana ciki. Ina da 'ya'ya, ina jiran ƙarin girma, na ce wa raina takarda ce kawai.

Abin da ba su zata ba shi ne, ka ƙi sa hannu amma ka bi umarnin, ka bi shi fiye da duk wanda ya sa hannu. Na san haka don ni aka tura bayan ajinka da fom. Ina jin an ga cewa tsohuwar ɗalibarka ba za ka kore ta ba. Ranar farko ka hango ni, ka sa aka kawo mini kujera mai kyau, ka gaya wa ɗalibai kada kowa ya dame ni, aiki nake.

Kai ɗan zaure ne kafin ka zama farfesa. A zauren mahaifinka ka tashi, inda ɗalibi ke buɗe littafi ya karanta layi ɗaya da Larabci, malam ya fassara masa da Hausa, ɗalibi ya karanta na gaba, malam ya fassara, har a kai inda za a tsaya. Wannan karatun ka ɗauko ka kawo cikin ɗakin lakca. Ka ajiye takardun darasinka na shekara talatin a gida. Ka shigo da kundin tsarin mulkin ƙasa da dokokin da gwamnati da kanta ta buga. Ɗalibi ya miƙe ya karanta layi da Turanci, kai ka mayar da shi Hausa, ka ce, "Na'am, ci gaba." Ba ƙari, ba ragi, ba misali, ba ɗaga gira. In wani ya ce, "Malam, mene ne ra'ayinka?" sai ka nuna bayan aji inda nake zaune ka ce an hana.

Layukan nan duk mun san su. Mun haddace su da Turanci mun ci jarrabawa da su, ba su taɓa hana kowa barci ba. A mako na uku aka zo kan babin da ke lissafa abin da ke wuyan hukuma. Mai karatu ran nan Malam Abdulshakur ne, magidanci ɗan shekara arba'in da wani abu, shugaban wata firamare daga gabashin jihar nan da ya dawo ƙaro ilimi. Ya karanta layin, kai kuma ka ce da muryarka ta kullum, "Tsaron rayukan mutane da jin daɗinsu shi na aiki na hwarko ga gwamnati. Na'am, ci gaba."

Bai ci gaba ba. Ya tsaya riƙe da littafin. 'Yan bindiga sun tashi ƙauyensu shekara biyu kafin nan, makarantarsa tana kulle, mahaifiyarsa tana zaune a wani kango a bayan gari. Ya ce, "Allah shi gahwarta Malam, haka anka rubuta?" Ka ce, "Haka anka rubuta." Ya ce, "Tun yaushe?" Ka gaya masa shekarar. Ya zauna ya rufe fuska da hularsa. Ka jira shi har ya natsu, sannan ka ce wani ya karɓa masa.

Na duba fom ɗina. Tambaya uku ce a ciki. Ya ambaci jam'iyya? A'a. Ya ambaci mai muƙami? A'a. Ya yi sharhi? A'a. Mako tara ina rubuta a'a, sau uku a kowane zama.

Kafin a kai mako na shida ɗakin ya daina ɗaukar mutane. 'Yan wasu sassa suna zuwa. Direbobi da masu shara da masu gadi suna tsayawa a taga, don karon farko ke nan da ake faɗin wani abu a ɗakunan nan da harshen da suke ji. Wani ya naɗi muryarka a waya, ta zaga gari, har a kasuwa na ji mai sayar da albasa yana saurare. Daga nan ne wani a sama ya ji, ya kira wani a tsakiya, aka kafa kwamiti. Da yake ni ce mai fom, ni aka naɗa mai rubuta bayanan zama.

Shugaban kwamitin Farfesa Abdulrasheed ne, wanda kuka yi karatun allo tare, kuma ya ɗauki littafi a gaban mahaifinka. Bai iya ɗaga ido ya dube ka ba. Ya ce, "Malam, ba mu ce ka ambaci kowa ba."

Ka ce, "To mi niy yi?"

Ya ce, "Matsalar ga hwassara take. Tana tada hankalin ɗalibai."

Ka tura masa kundin a kan tebur, a buɗe. Ka ce, "Ku biyar na nan, kowanenku ɗan zaure na. Ga layin. Ku hwassara min shi yadda ba ya tada hankali, in rubuta, gobe shi za ni hwaɗi."

Na riƙe biro ina jira. Farfesoshi biyar, ɗaya ma a harshe ya ƙware. Wani ya motsa baki ya fasa. Wani ya cire tabarau ya goge. A zaure, wanda ya ce malam ya yi kuskuren fassara dole ya kawo daidai, in ba haka ba ya kama bakinsa, kuma su duka sun san wannan ƙa'idar tun ba su san jami'a ba. Na duba agogo, minti huɗu. Na rubuta a bayanan zama cewa kwamiti ya yi shiru na minti huɗu. Daga baya aka umarce ni in cire wannan layin, na cire. Ga shi yau na mayar.

Da ba a sami kalmar da za a kama ka da ita ba, sai aka same ka da laifi biyu: koyarwa da harshen da ba shi aka amince a koyar da shi ba, da haddasa yanayin da zai iya tunzura jama'a. Wato a birnin da aka yi shekara fiye da ɗari biyu ana fassara wa mutane littattafan mulki da adalci da Hausa, an hukunta malami saboda an fahimci abin da ya faɗa. An dakatar da kai har sai ka sa hannu a takardar umarni, ka kuma rubuta ban haƙuri. Sa hannuna yana ƙasan rahoton, a matsayin marubuciya. Ban manta ba.

Takardar dakatarwa ta hannun Madam Tabita ta biyo. Ta kulle ta a durowa kwana biyu. A na uku ka leƙa ofishinta ka ce, "Tabita, an ce kina riƙe min da saƙo." Ta ce, "Baba, ni ba zan ba ka wannan da hannuna ba." Ka ce, "Ba ni. Gara in karɓa hannunki da in karɓa hannun wanda ka murna." Ka sa hannu a littafin karɓar wasiƙu, ka rubuta kwanan wata, ka tambaye ta jikin mijinta. Wannan ne sa hannu kaɗai da suka samu daga gare ka a duk lamarin.

Wata bakwai ka yi a zauren mahaifinka. Ɗalibai suka biyo ka can, kai kuma duk wanda ya zo a lokacin lakca sai ka kore shi ya koma aji. Ba ka yi hira da 'yan jarida ba. 'Yan adawa sun zo da mota mai tuta suna so su yi hoto da kai, ka sa aka ce musu ka gode, ba ka fito ba. Wannan ya ɓata musu rai ƙwarai, don sun riga sun rubuta jawabi.

Farfesa Abdulrasheed ya zo sau uku da takardar a aljihu. Hajiya ta ce kowane zuwa sai kun sha fura tare, kun tuna wanda ya fi shan bulala a makarantar allo, sannan ya fito da ita ya ce layi ɗaya ne kawai, ka koma ajinka. Kai kuma ka ce ya tsage rabi na biyu ka sa wa na farko hannu nan take. Ya ce ba shi da iko. Ka raka shi har bakin mota. Na san yadda ajin nan yake a ranka. Hajiya ta ce duk Litinin da Laraba kana yin wanka ka sa manyan kaya kafin ƙarfe goma, sai ka zauna a zaure da su har azahar. Layi ɗaya ya raba ka da ajin, ka ƙi rubuta shi.

Na yi wata huɗu ban iya zuwa gaishe ka ba, kunya ta hana ni. Da na zo na fara ba da haƙuri ka katse ni. Ka ce, "Fom ɗinki gaskiya kinka rubuta ko ƙarya?" Na ce gaskiya. Ka ce, "To mi an na kuka? Ci tuwo." Ba ka ƙara tayar da maganar ba, ni ma ban samu na ƙara ba, sai ga shi yau.

Waɗanda suka rubuta umarnin nan suna cewa don kare ɗalibi suka yi. Ɗalibi yana bukatar kariya daga malamin da ke riƙe da makinsa yana tallar ubangidansa, wannan ba gardama. Amma Malam Abdulshakur ba ya bukatar a kare shi daga jin abin da dokar ƙasarsa ta yi masa alkawari. Malamai masu hular jam'iyya duk sun sa hannu a ranar farko, suna nan suna koyarwa, sun dai koma ajiye hular a mota. Mutum ɗaya umarnin ya taɓa kamawa, shi ne wanda matarsa ma ba ta san wa yake zaɓa ba.

Takardar da aka ba ni ta fi taka tsauri, don an koyi darasi daga kanka. An ƙara cewa darasin da Turanci kaɗai za a yi shi, kuma daga takardun da kwamiti ya tantance. Na karanta takardun. An tsallake babin nan gaba ɗaya.

Ranar Juma'a na mayar da ita. Na sa hannu a ƙarƙashin rabin farko, na ja layi a kan sauran, na rubuta a gefe cewa sa hannuna na bara ma na janye shi daga rabi na biyu. Madam Tabita ta karɓa, ta karanta, ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Dakta, kin gaya wa maigida?" Na ce na gaya masa. Ta ce, "To," ta buga hatimi, ta ba ni kwafi. Na san abin da zai iya biyo baya, ni na rubuta bayanan zaman da ya gabata. Ƙarin girman da nake jira sai dai wata shekarar, in ma aikin ya tsaya.

Har zuwa yanzu dai ba a aiko mini da wata takarda ba, don haka ranar Litinin da ƙarfe goma zan shiga aji da kundin a hannu. Hausata ba ta kai taka ba, Malam, kuma ban tashi a zaure ba. Za a sami inda zan yi tuntuɓe. Duk wanda ya ga kuskure, ɗalibi ne ko direba ko ɗan kwamiti, ya kawo daidai in karɓa. Ka tsaya a sashe na ashirin da huɗu. Daga na ashirin da biyar za mu tashi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Zulaihatu da 'ya'ya da jikoki, da dangi na Ƙofar Marke da na Ƙofar Taramniya, da Madam Tabita wadda ta yi rashin uba, da ɗalibanka na aji da na taga. Ina miƙa ta ga Farfesa Abdulrasheed ma, don na ga yadda ya yi kuka a maƙabarta, kuma ban ɗauka na ƙarya ba ne.

Allah ya jiƙanka, Malam. Allah ya yafe maka kurakuranka, ya haskaka kabarinka, ya yalwata maka shi, ya sa karatun da ka bayar ya riƙa iske ka. Allah ya sada ka da mahaifanka da malamanka a Aljanna Firdausi. Ya ba iyalinka haƙuri, ya tsare musu mutuncin da ka bar musu. Mu goma sha takwas da muka sa hannu kuwa, Allah ya yafe mana, ya ba mu ikon gyarawa tun muna da rai. Amin.

Juwairiyya Jelani
Ƙofar Atiku, Sakkwato